Ɗaya Bisa Huɗu: Yadda Ake Lissafin Abin da Bai Faru Ba Tukuna

(Kiɗan buɗe shiri)

   Wanda yake da takarda da biro a kusa ya jawo su, domin yau lissafi za mu yi, amma irin wanda ko da yatsun hannu ana iya bin sa.

Ga tambayar da za mu sa a gaba. Saurayi da budurwa sun je asibiti gwajin jini kafin aure. Sakamako ya fito, shi AS, ita ma AS. Ma'aikaciyar lafiya ta ce musu, ɗaya bisa huɗu ne ku haifi mai ciwon sikila. To, me wannan magana take nufi? Wasu sun ɗauka cewa in an haifi huɗu, ɗaya ne tak zai zo da ciwon. Wasu na cewa in ɗan fari ya zo da shi, ukun da za su biyo baya sun tsira. Wasu kuma na cewa ai sai a haihuwa ta huɗu yake zuwa, don haka a tsaya a uku. Duk fahimtar nan uku kuskure ce, kuma kuskure ne da ƙaramin yaro yake biyan kuɗinsa da ciwon ƙashi da kwanan asibiti da ƙarin jini. Ilimin da zai warware mana wannan shi ake kira lissafin yiwuwa.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Kafin a take ƙwallo, alƙalin wasa yakan kira kyaftin biyu ya jefa kwabo sama. Hanya biyu ce kawai kwabon zai faɗo, ko ta fuska ko ta baya, kuma babu wadda ta fi wata gata. Sai mu ce yiwuwar fuska rabi ce. Ɗan ludo fuska shida gare shi, don haka yiwuwar samun shida a jifa ɗaya sudusi ce, wato ɗaya bisa shida, sudusin nan dai da muke ji a wurin rabon gado. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta: ka ƙirga dukkan hanyoyin da abu zai iya kasancewa, muddin ƙarfinsu ɗaya, sannan ka ƙirga hanyoyin da suke kai ka ga abin da kake tambaya, ka ɗora wannan bisa wancan. Abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, kamar ɗan ludo ya ba da bakwai, yiwuwarsa sifili ce. Abin da ya zama dole, yiwuwarsa ɗaya ce cif. Duk sauran al'amura suna tsakanin sifili da ɗaya.

Yanzu a ɗauki 'ya'yan ludo biyu a jefa tare. Kowace fuska ta na farko tana iya haɗuwa da fuska shida ta na biyu, shida sau shida, hanyoyi 36 ke nan. Hanya nawa ce za ta ba da jimillar 12? Guda ɗaya, shida da shida. Hanya nawa ce za ta ba da jimillar bakwai? Ku ƙirga tare da ni: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, huɗu da uku, biyar da biyu, shida da ɗaya. Hanya shida. Shi ya sa duk wanda ya daɗe yana ludo ya san bakwai ta fi yawan fitowa, shida biyu kuwa sai an jima ba a gan ta ba.

Kafin mu ci gaba, akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Wannan ilimi ba duba ba ne, kuma ba ya da'awar sanin gaibu, domin sanin gaibu sai Allah. Mai lissafin yiwuwa ba zai gaya maka abin da ɗan ludo zai nuna a jifa mai zuwa ba. Abin da zai gaya maka shi ne hanyoyi nawa ne a gabanka, kuma wacce ta fi faɗi. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa bai ce ya san gaibu ba, hankalin da Allah ya ba shi ya yi aiki da shi.

Wannan fanni yana da tarihi. A ƙarni na tara, a birnin Bagadaza, malamin nan Al-Kindi ya nuna cewa in ka ƙirga yadda kowane harafin Larabci yake yawan maimaituwa a rubutu, za ka iya warware wasiƙar da aka ɓoye ma'anarta da alamomi. Amma lissafin a siffarsa ta yau ya samo asali ne a 1654, daga wasiƙun da masana biyu na ƙasar Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka riƙa aika wa juna. Matsalar da suka tattauna ita ce: mutum biyu sun zuba kuɗi, sun yi yarjejeniya duk wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe duka. Ɗaya ya ci biyu, ɗaya ya ci ɗaya, sai wasa ya tsaya. Yaya za a raba kuɗin da adalci? Amsar da suka cimma ita ce a daina duban abin da ya wuce, a dubi hanyoyin da suka rage. Mai ci biyu yana da rabin dama ya gama a wasa na gaba. In ya faɗi, sun zama biyu da biyu, yana da rabin ragowar rabin. Rabi da rubu'i, uku bisa huɗu ke nan nasa, abokin wasansa kuma rubu'i.

Daga baya, a 1713, aka buga littafin Jacob Bernoulli na birnin Basel a ƙasar Suwizalan, wanda ya tabbatar da wata ƙa'ida babba: in aka maimaita abu sau da yawa, abin da ido ya gani zai yi ta matsowa kusa da abin da lissafi ya faɗa. Wani masanin lissafi mai suna John Kerrich, da aka tsare a ƙasar Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya gwada wannan da hannunsa. Ya jefa kwabo sau 10,000, fuska ta fito sau 5,067. Ba rabi cif ba ne, amma dab da shi. Haka za ku fahimci masu hasashen yanayi irin hukumar NiMet. In an ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 ce cikin 100, ana nufin a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, wajen bakwai akan yi ruwa. In gobe ta zo ba a yi ba, hasashen bai zama ƙarya ba, ranar tana cikin ukun da suka rage.

To, mu koma ga saurayi da budurwar nan. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta wannan siffa ta jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS yana da A guda, S guda, kuma a kowane ciki ɗaya daga cikinsu yake bayarwa, rabi da rabi. Ku rubuta hanyoyin. Uba ya ba da A, uwa ta ba da A, yaro AA. Uba A, uwa S, yaro AS. Uba S, uwa A, yaro AS. Uba S, uwa S, yaro SS, shi ne mai sikila. Hanya huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Daga nan aka samo ɗaya bisa huɗun.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar shirin namu. Wannan rubu'in a kan kowane ciki yake, daga farko ake sake shi. Ciki na biyu bai san abin da ya faru a na farko ba. In ɗan fari SS ne, yiwuwar na biyu ya zama SS tana nan rubu'i, ba ta ragu ba. In uku sun zo lafiya lau, na huɗu ma rubu'in ne, bai ƙaru ba. Irin waɗannan al'amura su ake cewa masu cin gashin kansu, wato faruwar ɗaya ba ta taɓa ɗayan.

In kuma kana son yiwuwar abu biyu masu cin gashin kansu su faru duka, sai ka ninka. Yiwuwar yara biyu a jere su zo da SS, rubu'in rubu'i ne, ɗaya bisa 16. Wannan ninkawar ce take cinye kuɗin samarinmu masu cacar ƙwallo a waya. Yaro zai jera wasa goma a tikiti ɗaya, kuma dole dukkansu su fito daidai. In damarsa a kowane wasa rabi ce, yiwuwar ya ci goman duka ɗaya ce bisa 1,024. Ko da a ce gwani ne, yana dacewa sau bakwai cikin goma a kowane wasa, in ka ninka sau goma abin da zai rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma mai cewa na daɗe ina faɗuwa, yau dole in ci, ya faɗa ramin da mai cewa ukun da ke biye sun tsira ya faɗa. Addini ya hana caca, lissafi kuma ya nuna dalilin da ya sa mai gidan caca ne kullum yake gina bene.

Za mu ɗan numfasa, mu dawo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama tashar yanzu, muna magana ne a kan lissafin yiwuwa, kuma mun iso gaɓa ta biyu, wadda ake kira yiwuwa bisa sharaɗi. Ma'anarta ita ce, in ka sami wani sabon labari tabbatacce, wasu hanyoyi sukan rufe, sai ka sake ƙirga waɗanda suka rage.

Ga misali. Iyaye AS da AS suna da ɗiya ta girma, an tabbatar ba SS ba ce, amma ba a san ko AA ce ko AS ba. Wani ya zo neman aurenta. Mece ce yiwuwar tana ɗauke da S? Mutane da yawa za su ce rabi. Ku dubi takardarku. Hanya huɗu muka rubuta. Ku soke SS, tunda mun san ba ita ba ce. Saura uku: AA ɗaya, AS biyu. Amsar ita ce biyu bisa uku. Saboda haka 'yan uwan mai sikila, waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, su ne suka fi kowa buƙatar gwaji, komai lafiyar jikinsu.

Wani misalin daga wurin iyayenmu mata masu adashi. Mata goma sun naɗe takardu goma a cikin kwano, a ɗaya an rubuta ɗaukar farko. Sau da yawa akan yi gardama a kan wadda za ta fara sa hannu. Ta farko tana da ɗaya bisa goma. Ta biyu fa? Sai in ta farko ta kuskure, wanda yiwuwarsa tara bisa goma ce, sannan ita ta dace a cikin takardu tara da suka rage, ɗaya bisa tara. Ku ninka tara bisa goma da ɗaya bisa tara, zai ba ku ɗaya bisa goma. Haka abin yake har kan ta goma. Ƙuri'a adalci ce, ta farko da ta ƙarshe rabonsu ɗaya. Amma da zarar ta farko ta buɗe tata an ga ba ita ba ce, damar kowace a cikin sauran ta koma ɗaya bisa tara. Takardun ba su canza ba, abin da muka sani ne ya ƙaru.

Inda wannan ilimi ya fi ceton rai shi ne wajen karanta sakamakon gwajin asibiti. Misalin da zan kawo na allo ne, na zaɓi lambobinsa don su yi sauƙin bi. A ce gari yana da mutum 10,000, kuma ɗaya cikin 100 yana da wata cuta. Masu cutar 100 ke nan, masu lafiya 9,900. A ce gwajin yana da kyau ƙwarai: yana kama 99 cikin masu cuta 100, yana kuma yin kuskure a kan mai lafiya ɗaya cikin 100. A gwada kowa. A cikin masu cutar, 99 za su nuna alama. A cikin masu lafiya 9,900, ɗaya bisa 100 ɗinsu, wato 99, su ma za su nuna alama bisa kuskure. Jimilla 198 aka ce suna da cutar, amma rabinsu lafiyarsu ƙalau. Kun ga gwajin da ake yabo da kashi 99, amma wanda ya nuna a kansa, rabi da rabi ne ko yana da cutar. Dalili kuwa shi ne cutar ba ta da yawa a garin tun asali.

To a sake gwada mutum 198 ɗin nan da wani gwaji dabam mai irin wannan inganci. A cikin masu cuta 99, wajen 98 za su sake nunawa. A cikin masu lafiya 99, wajen ɗaya ne kawai. Yanzu magana ta yi ƙarfi. Wannan hanyar tunani tana ɗauke da sunan wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Bayes, wanda aka buga bincikensa a 1763, bayan rasuwarsa. Ita ce ta sa ba a yanke wa mutum hukuncin yana da ƙwayar cutar ƙanjamau da gwaji ɗaya. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai gwaji uku a jere sun nuna kafin a tabbatar. Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, in gwajin farko ya nuna wani abu, kada ka yanke ƙauna, kada kuma ka gudu. Koma a tabbatar.

Gaɓarmu ta uku ita ce rabon yiwuwa. Akwai adadin da ba ka san shi ba sai abin ya faru, amma ka san ƙimomin da zai iya ɗauka. Jimillar 'ya'yan ludo biyu irinsa ce, daga 2 zuwa 12. Yawan masu SS a cikin 'ya'ya huɗu na iyaye AS da AS shi ma irinsa ne, daga sifili zuwa huɗu. In ka jera kowace ƙima tare da yiwuwarta, ka fitar da rabon yiwuwar wannan adadi ke nan.

Mu yi shi tare. Kowane ciki hanya huɗu, ciki huɗu kuma huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu, 256. Ku ɗauka gidaje 256 ne, kowanne iyaye AS da AS, kowanne 'ya'ya huɗu. Bisa lissafi, gida 81 ba za su sami mai SS ko ɗaya ba. Gida 108 za su sami ɗaya. Gida 54 za su sami biyu. Gida 12 za su sami uku. Gida ɗaya kuma, dukkan huɗun. Ku haɗa: 81, 108, 54, 12 da 1, za ku sami 256 daidai, domin dole rabon ya cika ɗaya.

Ku dubi abin da jerin nan yake faɗa. Matsakaicinsa yaro ɗaya ne a kowane gida, amma gidajen da suka sami ɗaya cif ba su kai rabi ba. Gida 175 cikin 256, sama da biyu bisa uku, za su sami aƙalla yaro ɗaya mai ciwon. Gida 67 kuma, sama da rubu'i, za su yi jinyar yara biyu ko fiye. Nan ne amsar mai cewa, ai ga su wane can, AS da AS ne, 'ya'yansu huɗu duk lafiya. Gaskiya ya faɗa, suna cikin gida 81. Amma ba a nuna masa gidan da uwa take kwana a zaune tana matsa wa yara biyu ƙafafu ba, ga uba yana zagayen neman mai ba da jini. Labarin gida ɗaya ba ya auna haɗari, sai an dubi rabon gaba ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, an ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Abin da ya sa ta yawaita a yankinmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Masu jinmu a arewacin Gana da Barkina Faso su ƙara lura da wata ƙwayar da ake kira C, wadda ta fi yawa a can, domin in ta haɗu da S ita ma tana ba da nau'in ciwon. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin sikila.

Shawarata gare mu ita ce a yi gwajin da wuri, tun yara suna makaranta, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun kafin zukata su shaƙu har rabuwa ta zama tashin hankali. A yi shi a wurin da aka amince da shi, in akwai shakka a maimaita. A kuma sani cewa gwajin nan dabam yake da na rukunin jini, wanda ake cewa A ko B ko O. Mai AS lafiyayye ne, in ya auri AA babu hanyar SS ko ɗaya a cikin huɗun. Mai SS ma in ya auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama. Saboda haka babu dalilin ƙyamar kowa. Masu sikila 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, suna karatu, suna aiki, suna aure, kuma haƙƙinsu ne mu kula da su. Abin da ake nema shi ne duk wanda zai yanke shawara ya yanke ta ido buɗe, ya yi iya nasa, sannan ya dogara ga Allah. Rigakafi dai ya fi magani.

Ga aikin gida. Na ɗaya: namiji AS ya auri mace SS. Ku rubuta hanyoyi huɗun, ku faɗi yiwuwar kowane ciki ya zama SS. Na biyu, ga ɗalibai: in an jefa 'ya'yan ludo biyu, hanya nawa cikin 36 za ta ba da jimillar takwas? Iyaye, ku zauna da yaranku ku yi tare. A shiri na gaba za mu duba amsoshin, sannan mu shiga bayanin yadda likitoci ke amfani da rabon yiwuwa wajen gane ko nauyin jariri da tsawonsa suna tafiya daidai da shekarunsa.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. 

(Kiɗan rufe shiri)